Horo kaɗan-kaɗan shi ke zama a kai



Yau muna so mu yi magana a kan horo. Horo shi ne karatun da ake ba mutum don ya iya aikinsa. Ana ba ungozoma horo. Ana ba mai kula da lafiyar gari horo. Ma'ajin rumbun tsimi, da mai yi wa dabbobi allura, da malamin karatun manya, dukansu ana kiran su horo. Kowa ya yarda abu ne mai kyau. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba. Wane irin horo ne ke zama a kan mutum, har ya yi aiki da shi ranar da buƙata ta zo?

Ga ra'ayinmu. Horo gajere, wanda ake yi a wurin aiki, ana maimaita shi bayan ƴan kwanaki, ya fi dogon taro na kwana shida da ake yi sau ɗaya a shekara. Za mu kawo dalilanmu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da muka gani da idonmu

Wata shekara, da kaka, an kira ƴan kwamitin rumbun tsimi na wasu garuruwa zuwa birni. Muna cikin masu koyarwa. An yi kwana shida. Ana shiga aji tun da safe, ba a tashi sai la'asar. An koya musu rubuta sunayen jama'a. An koya musu lissafin tiya da buhu, da rubuta shiga da fita, da tsabtar rumbu, da dokokin ƙungiya. Ranar ƙarshe aka yi jarrabawa, kusan kowa ya ci. Aka raba takardun shaida, aka ɗauki hoto, kowa ya koma gida. Mu ma muka koma muna murna.

Da bazara, lokacin da hatsi ya yi tsada aka buɗe rumbuna, muka kai ziyara. A wani gari ma'aji ya ɗauko mana littafinsa. Shafi biyu na farko suna ɗauke da rubutu mai kyau. Hatsin da aka saya ne a makon da ya dawo daga horo. Sauran shafuna kuwa fari fat. An sayar da hatsi, an ba da bashi, ba a rubuta komi ba. Gardama ta tashi a gari, har wasu na cewa ma'aji ya ci amana.

Dattijo ne mai gaskiya. Ya ja mu gefe ya ce: "Malam, ko tiya ɗaya ban ci ba. Ranar da na zo rubutawa, na rasa layin da ake sa fita da layin da ake sa bashi. Kunya ta hana ni tambaya."

Laifin ba nasa ba ne, namu ne. Mun koya masa da kaka abin da ba zai taɓa ba sai bayan wata shida. A cikin watannin nan babu wanda ya koma ya tuna masa. Saura kaɗan mutumin kirki ya rasa mutuncinsa, gari kuma ya rasa rumbunsa.

Mantuwa ba wauta ba ce

Da yawa daga cikinmu, in suka manta karatu, sai su ce: "Kaina ya tsufa." Ba haka ba ne. Yaro yana mantuwa, babba yana mantuwa, mai digiri ma yana mantuwa. Haka aka halicci ɗan Adam.

Wani masani ɗan ƙasar Jamus, mai suna Harman Ebingaus, ya auna mantuwa kamar yadda ake auna hatsi. Ya riƙa haddace gajerun kalmomi marasa ma'ana, yana duba abin da ya rage a kansa. Ya buga sakamakon a shekarar 1885. Ya gano cewa mantuwa tana da sauri a farko. Bayan awa ɗaya, fiye da rabin abin da ya koya ya zube. Bayan kwana ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku ya zube. Gaskiya ne abu mai ma'ana ya fi daɗewa a kai, amma shi ma yana zubewa in ba a taɓa shi ba.

Ya kuma gano maganin abin. Karatun da ya maimaita sau 68 a zama ɗaya, ya ga maimaitawa sau 38 ta isar masa in ya raba ta cikin kwana uku. Wahala ta ragu, karatu kuma ya zauna.

Manomi ya san wannan tun kafin a rubuta shi. Ruwa mai ƙarfi in ya sauka a kan faƙo, gudu yake yi zuwa kwari, ya bar ƙasa a bushe. Ruwan da ke zuwa daidai, yau a samu, bayan ƴan kwanaki a ƙara, shi ke kai hatsi ga kaka. Kan mutum ma yana da iyakar abin da yake sha a rana ɗaya.

Labarin ma'aikatan gidan waya

Wani zai ce wannan zancen haddar kalmomi ne, ba na aikin hannu ba. To, an gwada shi a wurin aiki ma.

A Ingila, gidan waya ya so ya koya wa ma'aikatansa aiki da injin raba wasiƙu, mai maɓallai irin na keken rubutu. Masana biyu, Alan Badili da abokin aikinsa Longman, suka raba ma'aikatan kashi huɗu. Wasu suna koyo awa ɗaya a rana. Wasu awa biyu. Wasu har awa huɗu a rana. An buga sakamakon a shekarar 1978. Abin da masu awa huɗu suka koya cikin awa 80, masu awa ɗaya sun koye shi cikin awa 55. Bayan watanni da aka sake gwada su, masu awa ɗaya sun fi masu awa huɗu riƙe aikin.

Akwai abin lura a nan. Da aka tambaye su, masu awa ɗaya su ne suka fi ƙorafi. Gani suke horonsu ya ja kwanaki da yawa. Masu awa huɗu kuwa sun ji daɗin nasu tsari. Ashe horon da ya fi daɗin yi ba lalle ne ya fi amfani ba. Mu ma ranar da muka raba takardun shaida daɗi muka ji.

Inda rai ke kan gaba

A fannin lafiya mantuwa tana iya cin rai. Jariri in ya faɗo bai yi numfashi ba, minti ɗaya na farko shi ne mai daraja. Dole a goge shi, a shafa bayansa, in bai yi kuka ba a hura masa iska da robar da aka yi don haka. Babu lokacin buɗe littafi. Sai abin da hannu ya saba.

A wani asibitin karkara da ke Haidom, a ƙasar Tanzaniya, an ba masu karɓar haihuwa horon yini ɗaya a kan wannan aiki. Da aka duba daga baya, sun iya yi a kan ɗiyar roba, amma a ɗakin haihuwa aikinsu bai canza ba. Daga shekarar 2011 sai aka sake tsari. Aka ajiye ɗiyar roba a wurin aiki. Kowane mako ma'aikaci yana gwaji na minti 3 zuwa 5, kowane wata kuma a yi zaman minti 40. Jariran da ke mutuwa a ranarsu ta farko suka ragu, daga wajen 11 cikin dubu zuwa wajen 7 cikin dubu. Ba sabon magani aka kawo ba. Ma'aikatan nan ne dai, da kayan nan dai. Maimaitawa ce aka ƙara.

Mu dubi namu gida. Ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda ake ba yaro mai zawo, ƙunshi ɗaya ake zubawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In ya kwana ya yini, sai a zubar a haɗa sabo. Ana haɗa shi da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Magana ce gajera. Amma wadda ta ji ta sau ɗaya tak a taron bara, tana iya zuba ƙunshin a ƙaramin kofi, gishiri ya yi wa yaro yawa. Wadda ta auna lita da hannunta sau uku, a makonni uku, da wuya ta yi wannan kuskure.

Haka igiyar awon damtsen yaro, mai launi uku. Tsanwa lafiya lau. Ruwan ɗorawa a yi hattara, a kai shi a duba. Ja kuwa tamowa ce mai tsanani, a kai yaro gidan likita a ranar. A yankin Mirya, cikin jihar Damagaram, an koya wa iyaye mata wannan awo a gajeren zama, suka iya. Abin da ke riƙe musu shi a kai shi ne suna yin sa a gida a kai a kai.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Wannan hanya ba daga waje kaɗai ta zo ba. A makarantar allo malam ba ya rubuta wa yaro izu guda a rana ɗaya. Ƴan layuka yake ba shi. Yaro ya biya da safe, ya biya da dare a bakin wuta. Sai ya riƙe sannan a wanke allo a ƙara masa. Kuma kullum ana komawa baya ana tishi. Ɗan maƙeri ma ba a kwana shida yake koyon ƙira ba. Yau zuga-zugi, gobe riƙon awartaki, har ranar da za a bar masa guduma.

A fannin noma akwai makarantar cikin gona. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fara ta a ƙasar Indonesiya a shekarar 1989, wurin manoman shinkafa. Daga baya ta iso ƙasashe da yawa, har da Nijar. Manoma wajen 25 suna haɗuwa sau ɗaya a mako a gona guda, tun daga shibka har girbi. Kowane mako suna duba abin da gona ta nuna a makon. Ranar da tsutsa ta fito, ranar ake zancen tsutsa, ana riƙe da ita a hannu. Gani ya kori ji.

Buhun nan mai riɓi uku na ajiyar wake, wanda ake kira PICS, da irin wannan hanya ya shiga garuruwanmu daga shekarar 2007. Da kaka a nuna wa jama'a a dandali. A shanya wake ya bushe sarai. A duba ledoji biyu na ciki, kada a sami huda. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban, sannan a ɗaure buhun waje. Ba a sa magani. Bayan watanni sai a sake tara jama'a a buɗe buhu a gabansu. Zama na biyun nan shi ke sa karatu na farko ya zauna, don kowa ya ga waken da idonsa.

Mu ƴan karatun manya ma muna da shaida. A shekarun 2009 da 2010, a wasu garuruwan jihohin Doso da Damagaram, an koya wa wasu azuzuwa aiki da salula tare da karatu, wasu kuwa karatu kawai. Masu salula sun fi cin jarrabawar rubutu da lissafi, kuma sun ci gaba da fin sauran watanni bayan an rufe aji. Mai salula yana karanta suna, yana danna lamba, yana rubuta ɗan saƙo. Kullum yana taɓa karatunsa kaɗan.

Abin da masu ja da mu ke cewa

Mun san akwai masu wani ra'ayi, kuma maganarsu tana da nauyi.

Na farko suna cewa: "Garuruwa suna da nisa. Malamin gona ɗaya ne, babur ɗaya ne, mai yana da tsada. Gara a tara kowa sau ɗaya." Gaskiya ne hanya tana da wuya. Amma a lissafa kuɗin motar mutum talatin, da abincinsu, da makwancinsu na kwana shida, da hayar ɗakin taro. Wannan kuɗi zai zuba wa babur mai na tafiye-tafiye masu yawa. Kuma ba dole ne malami ya zo kowane zama ba. A kowane gari yau akwai wanda ya iya karatu. Malami ya buɗe darasi, ya bar takarda, ɗan gari ya jagoranci maimaitawa. Ranar kasuwa ana iya haɗa garuruwa uku ko huɗu. Rediyon karkara da saƙon murya na salula suna iya tuna wa mutane.

Na biyu suna cewa: "A dogon taro ana ba da kuɗin zama. In an daina, wa zai zo?" Ba ma raina wannan. Wanda ya bar gonarsa da iyalinsa kwana shida ya cancanci a biya shi. Amma zaman awa ɗaya a gindin iccen gari ba ya raba mutum da gonarsa. Mu kuma faɗa wa juna gaskiya. Saboda kuɗin zama, wani lokaci ba mai aikin ne ke zuwa horo ba. Ɗan uwan wani babba ne ake turawa, mai aikin yana gida. Mata kuma su ne suka fi cutuwa. Mace mai goyo da girki da ɗibar ruwa da wuya ta sami kwana shida. Awa ɗaya bayan la'asar kuwa tana iya samu.

Na uku suna cewa: "Akwai aikin da ba a koyon sa cikin awa ɗaya." Mun yarda ƙwarai. Malamin asibiti da ungozomar gidan likita sai sun yi shekaru a makaranta. Sabon ma'aikaci ma yana buƙatar horon farko mai ɗan tsawo. Ba mu ce a soke wannan ba. Cewa muka yi kada a tsaya nan. Wanda ya dasa icce ya tafi bai sake ba shi ruwa ba, bai gama aiki ba.

Yadda muke ganin ya kamata a yi

Ga shawararmu ga malaman gona, da ma'aikatan lafiya, da shugabannin ƙungiyoyi, da mu kanmu malaman karatun manya.

1. Zama ɗaya, darasi ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Kada zama ya wuce awa ɗaya.

2. A yi shi a wurin aiki. Zancen rumbu a bakin rumbu, zancen taki a gona, zancen awon yara inda mata ke taruwa.

3. A yi shi dab da lokacin aikin. Misali sa taki ɗan kaɗan a ramin shibka, dabarar da masu bincike na Sadore, kusa da Yamai, suka yi aiki a kanta. Gram 6 na takin NPK, wato cikin marfin kwalbar lemo, ko gram 2 na DAP, wato tsunkulin yatsu uku, a kowane rami. Wannan darasin gab da faɗuwar damana ne, ba na tsakiyar ɗari ba.

4. Kowa ya yi da hannunsa. Wanda ya kalla kawai bai koya ba tukuna.

5. A maimaita da tazara. Gobe a taɓa shi na minti kaɗan. Bayan mako a sake. Bayan wata a sake.

6. A fara kowane zama da tambaya. Kafin malami ya faɗi komi, ya ce: "Wa zai nuna mana abin da muka yi wancan mako?" Ƙoƙarin tunowa shi ke ƙarfafa karatu, ko da mutum ya yi kuskure aka gyara masa.

7. Kada a yi wa mai kuskure dariya. Ku tuna kunya ce ta hana ma'ajin nan tambaya.

Bayan abin da ya faru, haka muka yi da ƴan kwamitin garin nan. Duk ranar kasuwa muka zauna da su kamar rabin awa, da littafinsu na gaske a gabanmu. Mako na farko layin fita kawai. Mako na biyu suka nuna mana layin fita, muka ƙara layin bashi. Mako na uku haɗa jimla. Kafin damana ta yi nisa, ma'aji yana rufe lissafinsa shi kaɗai, yana karanta wa jama'a a dandali. Kan nan dai ne da ya ce ya tsufa.

Kira ga kowa

Ku masu shirya horo, kada ku auna aikinku da yawan kwanaki ko yawan takardun shaida. Ku koma bayan wata uku ku ga abin da ya rage a hannun mutane. Tun ranar da kuke tsara kuɗin horo, ku ware rabon komawa.

Ku kuma ƴan uwa, in an kira ku horo, ku je. Amma kafin a tashi ku tambaya: "Yaushe za ku dawo mu maimaita?" In ba su da ranar dawowa, ku sa taku rana. Ku biyu ko ku uku kun isa. Ku rubuta darasin a littafinku da hannunku, tunda yanzu kun iya rubutu. Wannan yana cikin amfanin karatun da kuka sha wahala a kansa.

Mu fara da wannan shafi. Kada ku karanta shi sau ɗaya ku ajiye. Yau ku karanta. Bayan mako ɗaya ku rufe jarida, ku gwada faɗin shawarwarin nan bakwai da ka, sannan ku buɗe ku duba nawa kuka tuna. A aji kuma ku tattauna waɗannan tambayoyi:

Wane horo aka taɓa ba ku, kuma me ya rage muku a ciki yau?

Wane aiki ne ke tafe a garinku cikin wata mai zuwa, wanda ya kamata a maimaita darasinsa tun yanzu?

Wa zai jagoranci zaman, a ina, kuma wace rana?

Ku rubuto mana amsoshinku ta hannun malaminku. Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.